Daga Ruwan Bagaja zuwa Zerzura: Yadda tatsuniya ta bi manya har kasuwa a Agadas

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Agadas da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori masu saye ciniki ya lafa, ba zai rasa ganin kawuna uku ko huɗu a haɗe kan wayar salula guda a ƙarƙashin wata rumfa ba. Mai albasar Tabelot ta matso kusa da mai dabinon Kawar, yaron shago ya leƙo ta bayansu, kowa ya yi tsit. Abin da suke kallo kuwa, sau da yawa, wani saurayi ne ɗan Indiya yana hawan dutsen da ba a hango ƙarshensa, ko yana fafatawa da runduna guda shi kaɗai, bakinsa na fitar da Hausar Kano tsantsa. Idan ka tambaye su za su ce maka ai sun san duk ƙarya ce. Amma ba mai ɗaga kai sai mai saye ya yi sallama sau biyu.

To, me ke zaunar da dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya, wadda ba a cutarta ko dala a lissafi, a gaban labarin da ta san ba a taɓa yi ba? Amsar ita ce, waɗannan finafinai da ake kira na almara, masu aljanu da dodanni da biranen ɓoye, tatsuniya ce ta sake riga. A da kaka ce ke ba yara ita bayan sallar isha'i, yanzu kuwa manya ne ke biyan kuɗinsu wurin masu tura finafinai a waya. Kuma kusan dukansu magana ɗaya suke yi: mutum ya bar gida bai san abin da zai yi da rayuwarsa ba, ya sha wuya a hanya, daga ƙarshe ya gane dalilin fitarsa. A gari irin Agadas, inda da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗan da ya bi hanyar hamada, wannan magana ta wuce ta nishaɗi.

Gatana ba ta mutu ba

A Kano da Zariya tatsuniya ake cewa, a wurare da dama na Nijar kuwa gatana, sunan da aka ciro daga kalmomin da ake buɗe ta da su. Kowane gari da yadda yake bayar da tasa, amma akwai wata wadda da wuya a sami macen da ta tashi a gidan Bahaushe ba ta ji ta ba, wato ta ruwan Bagaja. Ga wadda ta manta, ga yadda take a taƙaice.

Wani mutum ne da matansa biyu, bora da mowa, kowacce da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar bora laifin ɓata shimfiɗar fata, aka ce ba inda za ta wanke ta sai a ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake. Yarinya ta kama hanya. Ta riƙa cin karo da koguna na abinci da na abin sha masu daɗi, kowanne ya yi mata tayi, ita kuwa ta ƙi tsayawa domin ba shi aka aike ta nema ba. Da ta isa, sai ta tarar da masu masauki na ban al'ajabi, cinya da kare. Ta gaishe su da ladabi, ba ta yi musu dariya ba, ta yi duk aikin da suka sa ta. Da za ta komo aka ba ta zaɓi tsakanin babban ƙwai da ƙarami, ta ɗauki ƙaramin, ta fasa shi inda aka ce ta fasa, sai ga dukiya. Mowa na ganin haka sai ta tura tata 'yar. Ita wannan ta ci ta ƙoshi a kowane kogi, ta yi wa masu masauki tsiwa, ta sungumi babban ƙwai, ta komo gida da abin kunya.

A lura da kyau, hanya ɗaya yaran nan biyu suka bi, ruwa ɗaya suka je, masauki ɗaya suka sauka. Abin da ya raba su shi ne dalilin fita. Ta farko ta fita ne don ta wanke kanta da uwarta daga zargi, shi ya sa kwaɗayin hanya bai ɗauke mata hankali ba. Ta biyu ta fita ne don ta ga wata ta samu.

Tun tuni masu ilimi suka gane cewa wannan labari bai kamata a bar wa yara su kaɗai ba. Alhaji Abubakar Imam ya ari sunan ya sa wa littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. A nan jarumin namiji ne baligi, wanda ya shafe shekaru yana yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke limamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada.

Su ma Turawa sun yi irin wannan nazari a kan nasu tatsuniyoyin. A 1928 wani malami ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya nuna cewa tatsuniyoyin ƙasarsu, duk da yawansu, matakai 31 kacal suke bi. A 1949 wani Ba'amurke, Joseph Campbell, ya rubuta littafi yana cewa labarin jarumai a ko'ina sassa uku gare shi: fita, jarrabawa, da komowa. George Lucas, wanda ya shirya shahararren fim ɗin nan Star Wars a 1977, bai ɓoye cewa ya amfana da littafin ba. Ashe ke nan abin da manyan kamfanonin Amurka ke zuba miliyoyin daloli a kansa, shi ne kakanninmu ke bayarwa kyauta a kan tabarma.

Birnin da ba a taɓa gani ba

A shekarar 2017 aka fitar da wani fim mai suna Zerzura, wanda aka ɗauka a cikin Agadas da dajin da ke kewaye da ita, da harshen Tamashek na Abzinawa. Wanda ya ba da umarni Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mai kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, amma tare da 'yan wasan aka tsara labarin, daga tatsuniyoyi da labaran aljanu da suka tashi suna ji. Jarumin shi ne Ahmoudou Madassane, makaɗin jita, wanda kuma shi ya yi kiɗan da ke rakiyar fim ɗin.

Labarin wani saurayi ne daga ƙauye, wanda ɗan'uwansa ya bar gida ya tafi neman Zerzura, wani birnin dukiya da aka ce yana ɓoye a tsakiyar hamada, kuma tun da ya tafi ba amo ba labari. Saurayin ya bi sahunsa. A hanya ya gamu da aljanu, ya gamu da 'yan fashi, ya gamu da masu haƙar zinare, ya gamu da matafiyan da ke neman tsallakawa arewa. Idan aka cire aljanun, sauran duk mutane ne da kowane direban Agadas ya sani ido da ido. Wannan shi ne abin da ya bambanta fim ɗin da na Indiya da na Amurka: ba sai mai kallo ya ƙaddara komai ba, domin rairayin nasa ne, rawanin nasa ne, ɗan da ya ɓata ma kamar na maƙwabta ne.

Shi sunan Zerzura ba masu fim ne suka ƙirƙire shi ba. Ya zo a cikin wani tsohon littafin Larabci na masu neman taskoki a ƙasar Masar, Kitabul Kunuz, inda aka siffanta shi da farin birni mai siffar tsuntsu a ƙofarsa, cike da dukiya, sarki da sarauniyarsa suna barci a ciki. Turawa ma sun ruɗu da labarin. A 1930 wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, da abokansa suka kafa ƙungiya da sunan birnin, sa'annan a 1932 da 1933 wani ɗan ƙasar Hangari, Laszlo Almasy, ya shiga hamadar da ke tsakanin Masar da Libya da motoci har da jirgin sama yana nemansa. Abin da ya samo kwazazzabai ne masu 'yan itatuwa a tsaunin Gilf Kebir. Farin birni dai har yau ba wanda ya taka ƙofarsa.

Mai karatu zai ga cewa 'yan'uwan nan biyu na fim ɗin, 'yar bora da 'yar mowa ne suka dawo cikin rawani. Ɗaya ya fita neman birnin da ya ji labari, ɗayan ya fita neman ɗan'uwansa. Mai kallo kuwa, ko ba a gaya masa ba, ya san wanda zuciyarsa ke bi.

Zerzurar gaske

Ba a banza aka yi wannan fim a Agadas a daidai wannan lokaci ba. Garin ya daɗe yana cin abinci daga hanya, tun zamanin ayarin raƙuma, tun kafin a gina hasumiyar babban masallaci a wajejen 1515. Amma cikin shekarun baya-bayan nan hanyar ta riƙa juyawa da mutane kamar waina a tanda. Kafin 2007 Turawa 'yan yawon buɗe ido ne ke sauka, direbobi da masu jagora da maƙeran azurfa na samu. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a watan Satumban 2010, suka kashe wannan kasuwa. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sai hanyar Libya ta buɗe, kowace Litinin motocin a-kori-kura na tashi zuwa Dirkou maƙare da fasinjoji, kowa ya saki ƙafafu waje ya rungumi sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo.

Sai kuma a watan Afrilun 2014 labari ya ɓulla cewa an ga zinare a Djado, can arewa maso gabas, ba a jima ba aka ji na Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka kwarara daga sassan Nijar da Chadi da Sudan da Nijeriya. Wani ya sayar da raƙumansa, wani ya sayar da fili, wata ta kwashe adashinta ta ba ɗanta, aka sayi na'urar nan da ke kuka idan ta ji ƙarfe a ƙasa. Gaskiya wasu sun samu, sababbin gidaje da motoci a gari su ne shaida. 'Yan kasuwa ma sun ga ciniki, domin duk mai tafiya sai ya sayi jarka da garin rogo da dabino da taliya da rawani da tabarau. Amma wasu da yawa bashi suka komo da shi, wasu rami ya rufta da su, wasu 'yan fashi suka tare su a hanyar dawowa.

Daga nan ƙofofi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Dokar hana safarar baƙin haure ta watan Mayun 2015, da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, ta sa an kama motoci an ɗaure direbobi. A farkon 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar zinare na Djado. A watan Maris na 2021 kamfanin yuraniyom na COMINAK da ke Arlit ya daina aiki. Ita dokar ta 2015 kuwa sai a watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke ta. Ke nan direba guda yana iya zama ya ɗauki Turawa, ya ɗauki 'yan ci-rani, ya ɗauki ruwa da mai zuwa ramin zinare, sa'annan ya wayi gari a fada, wato majalisar shayi ta samari, ba aikin fari ba na baƙi. Wanda ya canza sana'a sau uku ko huɗu ba da son ransa ba, dole wata rana ya tambayi kansa: ni wai me aka yi ni dominsa? Tambayar da finafinan almara ke ɗaukowa ke nan.

Kuma kada a ɗauka maza kaɗai hanyar ke ci. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma akasarinsu daga yankin Kantche na jihar Damagaram suka fito. Su ma labari suka ji cewa akwai wani wuri can gaba inda ake samu.

Ba yau aka fara ba

Mayar da tatsuniya fim tsohuwar sana'a ce a Nijar. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015 bayan ya daɗe yana zaune a Tawa, tun a farkon shekarun 1960 ya ɗauki labarin gargajiya na Zabarmawa game da zoben sarki Koda ya yi fim da shi. A shekarun babban farin nan na 1973 zuwa 1974 ya fito da Toula, daga labarin da Boubou Hama ya rubuta. A ciki, ruwa ya ƙafe a wata ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, aka zaɓi Toula. Saurayin da ke sonta ya fita neman ruwa don ya cece ta, ya kuwa samo, amma ko da ya komo an riga an yi aikin gama. Mutanen da suka kalli wannan fim a lokacin da dabbobinsu ke faɗuwa don yunwa, ba wanda zai ce musu labarin yara ne.

A Agadas kanta, kafin Zerzura, Kirkley ya fitar da wani fim a 2015 tare da makaɗin jita Mdou Moctar, mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda ake lissafa shi a matsayin cikakken fim ɗin labari na farko da harshen Tamashek. An gina shi a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Babu aljanu a cikinsa, amma maganar ɗaya ce: saurayi ya zo gari da jitarsa da babur ɗinsa, uba ba ya son kiɗan, abokan hamayya na yi masa zagon ƙasa, shi kuwa ya san abin da yake so ya zama. Rayuwar Mdou ta gaske ba ta yi nisa da haka ba. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a faɗin hamada, har ya kai ga yin wasa a manyan biranen Turai da Amurka.

A Kano ma, bayan fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba masu shiryawa suka koma rumbun kaka suka ɗauko Daskin da Riɗi, wanda matan aure da yawa har yanzu suke tunawa.

Me ɗan Indiya ya je nema a kan dutse?

Idan aka dawo kan finafinan waje da suka fi cika wayoyin 'yan kasuwa, musamman tun da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da fassara su zuwa Hausa, za a tarar da wannan zare bai tsinke ba. Ɗauki Baahubali, wanda S. S. Rajamouli ya fitar kashi biyu, a 2015 da 2017. Jariri ne aka tsinta a kogi, talakawa suka rene shi a gindin wani tsauni da ruwa ke zubowa daga samansa. Tun yana ƙarami ransa ke gaya masa akwai wani abu nasa a can sama, uwar riƙonsa na hana shi, yana hawa yana faɗowa. Abin da ya kai shi sama daga ƙarshe kuwa son ganin fuskar wata budurwa ne. Amma da ya isa, abin da ya tarar shi ne mahaifiyarsa ta haihuwa ɗaure cikin sarƙa shekara 25, tana jiran ɗanta. Ya hau don kansa, ya iske aikin da ke jiransa na wata ne. Ba mamaki iyaye mata su fi kowa son wannan fim.

Na Turawa da ya fi shahara, The Lord of the Rings, wanda aka fitar kashi uku daga 2001 zuwa 2003, ya ma juya maganar ne gaba ɗaya. Jarumin ɗan ƙaramin mutum ne marar ƙarfi, kuma zinaren yana hannunsa tun daga farko, wato wani zobe da ke lalata zuciyar duk wanda ya riƙe shi. Tafiyar tasa duka ta zuwa ya jefar da shi ce a cikin wuta don jama'a su zauna lafiya. Wanda ya rubuta littafin, J. R. R. Tolkien, malamin jami'a ne a Ingila, kuma tun a 1939 ya yi lacca yana cewa kuskure ne a ɗauka tatsuniya ta yara ce kawai. Duk wanda ya ga yadda 'yan giram na zinare suka raba aminai a bakin rami, ya san abin da zoben nan ke nufi.

Masu suka ma na da hujja

Ba kowa ne ke ganin alheri a cikin waɗannan finafinai ba. Akwai malamai da iyaye da ke ƙorafin cewa suna cike da bokaye da tsafi da gumaka, abin da ya saɓa wa tarbiyyar Musulmi, kuma irin wannan damuwa na cikin abin da ya sa Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Akwai kuma masu cewa su ne ke cusa wa samari tunanin arzikin dare ɗaya, yaro ya raina tallar albasa yana jiran ranar da zai tsinci taska. Shi kansa Moustapha Alassane ya hango haka tun a 1966, a fim ɗinsa na wani saurayi da ya komo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki abin da suka gani a sinima kamar gaske suka hana ƙauyensu sakat.

Wannan suka ba a yar da ita ba. Sai dai idan aka duba da kyau, ɓarnar takan zo ne daga sauraron rabin labari, yaro ya riƙe ƙwan da ya fashe da dukiya, ya manta kogunan da yarinyar ta wuce da yunwa ba ta taɓa ba. Magabata sun san da wannan haɗari, shi ya sa suka yi wa tatsuniya shinge. Ba a yin ta da rana, domin rana ta aiki ce. Ba a yin ta sai da babba a wurin. Kuma idan an gama sai a ce ƙurunƙus, a sanar da kowa cewa an fito daga duniyar Gizo an dawo ta mutane. Waya ba ta da wannan shinge. Yaro na kallo shi kaɗai cikin dare, fim na ƙarewa wani na farawa, ba kakar da za ta tambaye shi wace ce ta yi daidai tsakanin yaran nan biyu.

Kafin a kwance bakin zane

A nan ne maganar ta dawo kan 'yan kasuwa, musamman mata, domin sau da yawa su ne bankin tafiya. Idan saurayi ya ƙudurta zuwa Tchibarakaten ko Libya, ba wurin gwamnati yake zuwa ba, wurin Inna ko Hajiya yake zuwa, kuma abin da za ta ba shi daga jarin rumfa ko kwasar adashi zai fito. Hana shi ba kullum yake yiwuwa ba, kuma ba kullum ne daidai ba, tunda Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Amma kafin ta kwance bakin zane, tana da ikon ta zauna a gurbin kaka ta yi masa tambayoyin da tatsuniya ke yi.

Don wa za ka tafi, kuma me za ka yi da abin da ka samo? Wanda ya ce zai tara kuɗin babur ko na aure ko na rufin ɗaki ya san ranar da zai ce ya isa haka. Wanda ya ce shi dai ya ji ana samu, ko buhu aka cika masa ba zai juyo ba. Wa ya je ya dawo da ka zauna da shi, ba wanda ya turo hoto a waya ba? Wane ne direban, kuma ruwan kwana nawa motar ke ɗauka idan ta lalace? Wane wata za mu sa ido, kuma idan ba a dace ba, akwai kuɗin motar komowa a ajiye? Ita ma ta tambayi kanta: idan kuɗin nan ba su dawo ba, rumfar za ta buɗe gobe? Domin ɗan da ya komo hannu rabbana, rumfar nan ce za ta karɓe shi.

Mutanen Abzin ba baƙin wannan hikima ba ne. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma idan sanyi ya kusa, ɗaruruwan shekaru yana bin hamadar da ke cinye motoci a yau. Ba ya tashi sai da madugu wanda ya san rijiyoyi da taurari. An san abin da aka ɗauka, gero da sauran kayan masarufi. An san abin da za a ɗauko, kantu da beza da dabino. An san kasuwannin ƙasar Hausa da za a kai su. Matan gida kuma sun san lokacin da za su fara duban hanya. Ba wanda ya taɓa jin madugu ya karkatar da raƙuma don an ce akwai farin birni a bayan tudu.

Saboda haka idan gobe ciniki ya lafa, kawuna suka sake haɗuwa kan waya, ba laifi a kalli ɗan Indiya ya hau dutsensa, ko a nemi Zerzura a ga rairayin gida a fim. Abin da ya rage shi ne idan an gama, a sami babba ya ce ƙurunƙus, ya juya ga yaron shagon nan da ke leƙe ta baya ya tambaye shi abin da jarumin ya fita nema, da abin da ya komo da shi. Allah Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da ke hannu.